Waken da Ba Ya Shiga Tukunya

A ƙarshen watan Janairu ta karɓi makullin gidan, a wata unguwa da ke bisa tudu a yammacin birnin Sheffield na ƙasar Ingila. Lambun bayan gidan bai fi taku goma sha biyu ba, kuma a wannan lokaci na hunturu babu abin kallo a cikinsa: jiƙaƙƙiyar ciyawa, da 'yar rumfar katako da ta fara ruɓewa, sai wasu busassun igiyoyin tsiro da suka maƙale a jikin shingen da ya raba ta da maƙwabci. Ta sa hannu ta fizge su, ta cusa a kwandon shara, ta ɗauka magana ta ƙare. Aikinta harhaɗa magunguna ne a asibiti, da duhu take fita da duhu take dawowa, don haka lambu ba ya cikin lissafinta.

Cikin watan Afrilu sai ga toho ya ɓullo daga gindin shingen, daidai wurin da ta yi fizgar. Kafin Yuni ya ƙare tsiron ya wuce tsayinta, ya kama kowane katako da kowace ƙusa, har ya leƙa gidan maƙwabci. A farkon Yuli ya yi fure, gungu-gungu, ja mai sirkin shunayya, irin launin da ido ba ya iya tsallakewa. Sau biyu tana ɗaukar hotonsa, amma ba ta taɓa tambayar sunansa ba. Mutum yana iya shekara da abu mai kyau bai nemi sanin sunansa ba, muddin abin yana wurinsa shi ma yana nasa.

A wannan watan ne mahaifiyarta ta iso daga Funtuwa da bizar ziyara ta wata shida, don ta taya ta rainon ɗanta mai shekara uku. Dattijuwa ce da ta yi shekaru tana shuka wake a tsakanin kunyoyin dawa a gonarta ta bayan gari. Gidan Turai ya yi mata ƙunci, lambun nan ne kaɗai inda take samun sararawa, kuma kwana biyu da zuwanta ta yanke hukunci a kan tsiron da ke jikin shinge.

"Wannan ai wake ne," in ji ta. "Dubi furen."

Kuma ba shaci-faɗi ta yi ba. Furen wake yana da ƙira tasa ta daban, wadda duk wanda ya taɓa durƙusawa a gona ya san ta ko da bai taɓa ƙirga fallayenta ba. Falle biyar ne: babba guda a sama, a miƙe kamar tuta, biyu a gefe kamar fukafukai, biyu a ƙasa sun haɗe kamar ɗan kwalekwale, a cikinsa aka ɓoye sassan da ke haifar da ƙwaya. Idan ƙudan zuma ya sauka a kan fukafukan, nauyinsa yakan danne kwalekwalen, garin fure ya gogu a jikinsa, ya tashi da shi zuwa wani furen. Wake da gyaɗa da gujiya da waken suya duk sun yi tarayya a wannan ƙira. Dangin baki ɗaya, wanda masana tsirrai ke kira Fabaceae, ya haura nau'i 19,000, shi ne na uku a girma cikin dangogin tsirrai masu fure. Har tsamiya da ɗorawa da gawo da bagaruwa 'ya'yan gidan ne, ko da yake furensu ya sha bamban. Kwanson da ke ɗauke da ƙwaya shi ne shaidar da ta haɗa su.

Ke nan idon dattijuwar, ba littafi ba malami, a ƙasar da ba ta taɓa takawa ba, ya kai ta har ƙofar gidan dangin. Sai dai gidan na mutum dubu goma sha tara ne, kuma ba dukkansu ne mutanen kirki ba.

Ranar wata Asabar a tsakiyar Agusta, 'yar ta sauko daga barcin da ta rama bayan aikin dare, ta tarar da kwano a kicin cike da korayen kwansuna, sirara, masu tsawon yatsa ko fiye. Mahaifiyarta na zaune tana ɓarewa, yaron kuma na gefen ƙafarta yana tauna.

"Hajiya, wannan daga ina?"

"Daga bayan gida mana. Kin bar abinci yana lalacewa a jikin shinge, kina sayen na kanti a leda. A shinkafa zan zuba."

"Ya ci?"

"Maigidan nawa? 'Yan ƙwayoyi na ba shi ya ɗanɗana. Ba su fi biyar ba."

Ba ƙaramin abu ba ne 'ya ta dubi uwa ta ce ta yi kuskure, balle a fagen da uwar ta fi ta sani nesa ba kusa ba, balle kuma uwar baƙuwa ce a gidan, wadda tun zuwanta komai sai an nuna mata: yadda ake kunna murhu, yadda ake raba shara, inda ake tsallaka titi. Wannan kwano shi ne abu na farko da ta kawo da iliminta. 'Yar ta durƙusa ta sa yatsa ta kwashe abin da ya rage a bakin yaron, ta ba shi ruwa, sannan ta janye kwanon a hankali ta ce:

"Hajiya, idon zakara ma furen wake yake yi."

Dattijuwar ta yi shiru. Ta san idon zakara, kowa ya san shi: tsiro mai yaɗo a jikin itatuwa, da ƙananan furanni masu launin shunayya-shunayya, da kwanso, da jajayen ƙwayoyi masu ɗigon baƙi waɗanda yara ke sha'awar tsinta manya na hana su kai wa baki. Ɗan dangin wake ne na haƙiƙa, kuma ƙwayarsa, idan aka tauna, tana ɗauke da ɗaya daga cikin mafi munin dafin da ake samu a tsirrai.

Abin da ya fara faɗo wa 'yar a rai wani ne daban. A lambunan Ingila akwai wata bishiya da ake kira laburnum, mai zubo da rawayen furanni, wadda kwansonta ya yi kama da na fis, koren waken nan da ake zubawa a soyayyar shinkafa. Iyaye a ƙasar sun daɗe suna tsoronta saboda yara na ci su kamu da amai. Ta san sinadarin da ke cikinta da sunansa, domin tun watan Janairun 2024 likitoci a Birtaniya ke rubuta shi, a gwargwadon da aka auna, ga masu son daina shan taba. To, nata tsiron ba bishiya ba ne, furensa kuma ba rawaya ba. Wannan ya ɗan sanyaya mata rai, amma sanin abin da tsiro ba shi ba ne bai kai sanin ko shi wane ne ba.

Ta kira 111, lambar da hukumar lafiya ta Ingila ta ware don matsalar da ke buƙatar shawara cikin gaggawa. Bayan an tambaye ta yanayin yaron, yana numfashi daidai, bai yi amai ba, yana ma neman a mayar masa da kwanonsa, tambaya ta gaba ita ce sunan tsiron. Duk shawarar da za a ba ta a kan wannan suna ta rataya. Ta ɗauki hoton furen ta sa a wata manhajar gane tsirrai da ke wayarta, cikin daƙiƙa biyu amsa ta fito: perennial sweet pea, a ƙarƙashinsa da harshen Latin, Lathyrus latifolius. A ƙasa kuma manhajar ta jero wasu 'yan'uwansa biyu da ka iya zama su ne. Ta faɗi sunan, aka ce za a sake kiranta.

Sunan nan mai kwantar da hankali ne ga wanda ya ji Turanci sama-sama. Kalma ɗaya tana nufin zaƙi, ɗaya tana nufin fis, ta farkon kuma tana nufin mai dawowa duk shekara. Wanda ya fassara shi kai-tsaye zai ce fis mai zaƙi da ba ya mutuwa, ya ɗora tukunya. Amma ita sana'arta ta koya mata cewa ba a miƙa magani da kallo ɗaya. Sai an duba suna, an duba ƙarfi, an sake dubawa, domin kwalaye biyu masu kama da juna sun sha jefa mutane cikin wahala. Ta ɗauki almakashi ta fita lambu, mahaifiyarta na biye da ita riƙe da hannun yaron.

Da kara ta fara, kuma da shi ya kamata kowa ya fara, domin fure yana ɗauke hankali ya hana a dubi abin da ya fi shi faɗin gaskiya. Karan wannan tsiro ba zagayayye ba ne. Idan aka murza shi a tsakanin yatsu biyu sai a ji shi a baje, kamar an manna masa siririn koren ƙyalle a kowane gefe tun daga gindi har sama, har ma sandar da ke riƙe da ganye tana da irin wannan fiffike. Fis na ci ba shi da haka: karansa zagayayye ne, mai rami a ciki, kuma a kowace gaɓa akwai manyan ganyaye biyu da suka rungume karan, waɗanda sukan fi sauran ganyen girma. A nan kuwa abin da ke gaɓar ƙarami ne, mai tsini, kamar rabin kan mashi. Da wannan kaɗai fis ya fita daga lissafi.

Sai ganye. A kan kowace sanda ganye biyu ne tak, suna fuskantar juna, dogaye, kore mai sirkin shuɗi, da jijiyoyi uku zuwa biyar da suka miƙe daga tushe zuwa baki. Daga tsakaninsu wani siririn zare ya fito ya rabu gida uku ko fiye, kowane reshe yana nannaɗe duk abin da ya taɓa. Da waɗannan zaruruwa tsiron ke hawa. A nan ne dattijuwar ta karɓi reshen ta juya shi, ta daɗe tana dubawa.

"Ganyen wake uku-uku ne," ta ce, kamar da kanta take magana. "Kuma wake ba shi da wannan zaren. Da jikinsa yake naɗewa."

Ita ta faɗa, ba a faɗa mata ba, kuma wannan ya sauƙaƙa duk abin da ya biyo baya a tsakaninsu.

Baje-bajen kara da ganye biyu da zare mai rassa sun isa su nuna cewa tsiron ɗan zuriyar Lathyrus ne. Saura a san wanne, tunda zuriyar tana da nau'i sama da ɗari. Wanda aka fi rikita shi da shi shi ne Lathyrus odoratus, ainihin mai sunan sweet pea, kuma hanci ke raba gardamar. Zaƙin da ke cikin sunan ba na harshe ba ne, na ƙamshi ne. Ainihin mai sunan, reshe biyar nasa a kofi sun isa su cika ɗaki. Ta cusa hanci a cikin gungun furen da ke hannunta, ba ta ji komai ba sai warin ɗanyen ganye. Ta ƙirga furannin da ke kan sanda ɗaya, goma sha ɗaya. A wata, tara. Mai ƙamshin yakan tsaya a biyu zuwa huɗu, sai dai nasa sun fi girma. Ta shafa kwanso ta ji shi sumul, alhali na mai ƙamshin gashi-gashi ne, haka ma karansa. Sauran 'yan'uwan ba su ba ta wahala ba. Lathyrus sylvestris, wanda ɗan asalin dazukan Birtaniya ne, ganyensa siriri ne ƙwarai, furensa kuma dusashe mai ratsin kore. Akwai kuma Lathyrus grandiflorus da ake gani a tsofaffin lambuna, wanda karansa ba shi da fiffike, furensa kuma yawanci biyu ne a sanda. Kalmar latifolius ma ma'anarta mai faɗin ganye, kuma masanin nan ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, shi ya raɗa masa ita a 1753.

Shaida ta ƙarshe ba a jikin tsiron take ba, a cikin tunaninta take: busassun igiyoyin da ta fizge a Janairu, da tohon da ya fito a wurin a Afrilu ba wanda ya shuka komai. Mai ƙamshin shekara guda yake yi ya mutu, sai an sake shuka iri. Wannan kuwa samansa ne kawai sanyi ke kashewa. Saiwarsa tana can ƙasa, mai kauri, mai zurfi, tana jiran rana ta dawo.

Suna cikin haka maƙwabcin ya leƙo ta saman shinge. Tsoho ne da ya yi ritaya daga aikin jirgin ƙasa, mai kiran kowa da kalmar nan ta ƙauna da mutanen yankin Yorkshire ke jefa wa na gida da baƙo, wadda a farkon zuwanta ta riƙa ba ta mamaki. Ya dubi reshen da ke hannunta ya ce wannan ai everlasting pea ne, wato fis na har abada, sunan da tsofaffin Ingila suka fi saninsa da shi. Matar mai gidan na da ce ta shuka shi, fiye da shekara talatin da suka wuce. Ta rasu, mijin ya rasu, gidan ya sauya hannu sau biyu, tsiron yana nan. Shi kansa ya sha haƙe wanda ya ƙetaro ɓangarensa, ya gaji ya bari. Ya ƙara da cewa idan ta hau jirgin Landan a watan Yuli ta dubi gangaren da ke gefen layin dogo kafin a shiga birnin, za ta gan shi ya rufe wuri, ba mai ba shi ruwa ba mai kula da shi. Da ya ji abin da ya faru sai ya dubi yaron, ya dubi kwanon, ya girgiza kai ya ce ba a ci.

Wayar ta yi ƙara. Bayanin da aka yi mata ya dace da abin da ta riga ta fara tunowa daga karatun jami'a: 'yan ƙwayoyi a zama ɗaya ba a sa ran su yi illa, iyaka su ɓata ciki, ta sa masa ido, idan amai ya ƙi tsayawa ko ta ga jikinsa ya yi laushi ta kawo shi. Yaron ya ci abincin rana, ya yi barci, ya tashi yana neman ƙwallonsa.

Me ya sa, to, ake cewa ba a ci, idan ƙwaya biyar ba ta komai? Amsar tana cikin tarihin wani ɗan'uwan nasa, Lathyrus sativus, wanda shi abinci ne na gaske ga miliyoyin mutane a Habasha da Indiya da Bangaladash. Habashawa na kiransa guaya, Indiyawa na ce masa khesari. Tsiro ne mai taurin rai: yana jure fari, yana jure ambaliya, yana yi a ƙasar da komai ya ƙi. Saboda haka a shekarar da sauran amfanin gona suka mutu, shi ke rage wa talaka. Idan ana cinsa jefi-jefi cikin sauran abinci, babu laifi. Idan kuwa ya zama shi ne mafi yawan abin da ke shiga ciki na tsawon wata biyu ko uku, sai wata rana mutum ya tashi ya ji ƙafafunsa sun yi nauyi, sun sandare, gwiwoyi na gogar juna idan yana tafiya. Daga nan sai sanda ɗaya, sai biyu, wasu sai rarrafe. Hankali lafiya lau, hannuwa lafiya lau, amma ƙafafun ba sa dawowa. Samari majiya ƙarfi cutar ta fi kamawa, wato waɗanda gida ya dogara da su.

Tun zamanin tsoffin likitocin Girka aka lura da wannan, amma wani likita ɗan Italiya, Arnaldo Cantani, shi ya ba cutar suna a 1873, ya ciro sunan daga na tsiron. A cikin zane-zanen da Francisco Goya ya yi kan bala'in yaƙi a Sifaniya akwai wanda ya nuna mayunwatan birnin Madrid na shekarun 1811 da 1812 sun kewaye mai rabon faten wannan wake, wata kuma tana kwance a ƙasa. A 1942, a sansanin Vapniarka da ke yankin Yukiren na yanzu, an ciyar da fursunoni Yahudawa da shi, da yawansu suka shanye. Indiya ta hana sayar da shi a 1961, kuma a 1964 masana a ƙasar suka ware sinadarin da ke haddasa cutar, wanda ake taƙaita sunansa da ODAP. Yana kwaikwayon wani saƙo ne da ƙwayoyin jijiya ke aika wa juna, ya yi ta zuga waɗanda ke sarrafa ƙafafu har su ƙone. Jiƙa waken a zubar da ruwan yana rage dafin sosai, sai dai a shekarar fari ruwan jiƙon ma tsada gare shi. Wanda ya san rogo mai ɗaci ba zai ji wannan labari baƙo ba: shi ma abincin shekarar wuya ne, shi ma sai an jiƙa, kuma shi ma idan aka gaggauta aka dogara da shi kaɗai yana haifar da irin wannan shanyewar ƙafafu, wadda ake kira konzo a ƙasar Kwango.

Na jikin shingen nata yana da nasa kason. A 1961 masu bincike a Amurka suka ciro wani sinadari mai taɓa jijiyoyi daga ƙwayarsa. Mai ƙamshin kuma dafinsa wani iri ne, ba jijiya yake nema ba, yana hana zaruruwan da ke ɗaure ƙashi da jijiyoyin jini su yi ƙwari. Ɓerayen da aka ciyar da shi a ɗakin gwaji ƙasusuwansu sun karkace. Duka biyun sai an ci da yawa an kuma daɗe ana ci. Gaskiyar magana, ko da kwanon nan ya shiga shinkafar ranar, da wuya a ce wani ya kwanta. Tsoron da ta ji ya fi haɗarin girma. Amma a lokacin da ta tarar da yaron yana tauna ba ta da hanyar sanin haka, kuma a dangin da ya haɗa gyaɗa da idon zakara, tsoron ba wauta ba ne.

Yadda tsiro marar ƙamshi ya sami sunan mai ƙamshi kuwa, labarin farin jini ne. Mai ƙamshin ɗan tsibirin Sisili ne. Wani malamin coci mai nazarin tsirrai a can, Francesco Cupani, ya aika da irinsa Ingila a 1699, zuwa ga Robert Uvedale, wani malamin makaranta a Enfield. Ya yi kusan shekara ɗari biyu yana ƙaramin fure mai launi kaɗan, har sai da Henry Eckford, ɗan Sikotilan da ya zauna a garin Wem, ya duƙufa wajen haɗa irinsa ya fitar da manya masu launuka iri-iri. A 1901 Silas Cole, shugaban masu lambu a gidan Althorp, gidan kakannin Gimbiya Diana, ya fito da mai fallaye masu lanƙwasa wanda ya ɗauki sunan gidan Spencer. Abin ya zama yayi har jaridar Daily Mail ta sa gasar fam 1,000 a 1911 ga wanda ya kawo damin da ya fi kyau. A kansa ne ma William Bateson da Reginald Punnett da Edith Saunders suka lura, a farkon ƙarni na 20, cewa wasu siffofin gado tare suke tafiya daga iyaye zuwa 'ya'ya ba sa rabuwa, abin da ya zama babi a ilimin ƙwayoyin halitta. Namu na jikin shinge, ɗan kudancin Turai, ya daɗe a lambunan Ingila shi ma, amma ba wanda ya sa masa gasa. Masu sayar da iri kuwa sukan sayar da shi da sunan ɗan'uwan. Duk shekara akwai wanda ke saye, ya jira wata uku, ya sunkuya ya shaƙa, ya ji wayam.

Abin da ya rasa na ƙamshi ya rama da naci. A ranar zafi, idan kwanson ya bushe, sai ya murɗe ya fashe da 'yar ƙara, ya watsa ƙwayoyi nesa da gindin. A Amurka, inda aka kai shi don ado da kuma riƙe ƙasar gefen hanya, ya bazu har jihar Oregon ta sa shi cikin jerin ciyayi masu ɓarna.

Da daddare, bayan yaron ya yi barci, uwa da 'ya suka zauna a kan maganar. 'Yar ta ce gobe za ta sayo cebur ta haƙe shi. Dattijuwar, wadda ita ce ta yi niyyar dafa shi da safe, ita ce ta hana.

"Ki haƙe abin da ya shekara talatin? Ba za ki iya ba, kin ji abin da tsohon nan ya ce. Kuma baiwar Allah ta shuka abinta. Laifin tsiron me? Ni ce ban tambaya ba."

"To yaron fa, Hajiya?"

"Ba sai ya yi kwanso ba ne za a ci? Ki bar ni da shi."

Daga ranar, kullum da hantsi takan fita da almakashi ta yanke duk sandar da furenta ya fara yaushi, kafin ta ɗaura ƙwaya. Masu lambun Ingila ma haka suke yi, don wani dalili nasu: tsiron da aka hana yin iri yakan yi ta sabon fure yana neman cika aikinsa. A shekarar shingen bai rabu da launi ba sai da Satumba ta ƙare. Sabbin furannin kuma takan yanko su ta sa a kofin gilashi a kan tagar kicin, kuma har ta tafi ba ta daina kai su hanci ba, ko da ta san babu abin da za ta ji. Ta koya wa jikan ya riƙa murza karan a yatsunsa yana cewa mai fiffike ba a ci.

A watan Disamba ta koma Funtuwa. Sanyi ya riga ya mayar da tsiron busassun igiyoyi, 'yar kuma ta yanke su daga gindi kamar yadda maƙwabcin ya nuna mata. Ranar 9 ga Afrilu ta ga toho huɗu sun fasa ƙasa a gindin shingen, ta ɗauki hoto ta tura ta WhatsApp. Amsar ta zo da murya, da kukan awaki a bayanta:

"Waken naki na banza ya tashi ke nan. To, ki nemo almakashin, yana cikin aljihun tebur na biyu, a bayan cokula."